Jakar Kilo Bakwai da Turaren Ingila

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tona wa mahaifiyata asiri da bakina ba, a tsakar gidanmu da ke Barunde, gaban mata sun fi ashirin.

Bari in faro daga tushe. Shekara tara na yi ina aikin jinya a Ingila, kuma sau ɗaya tak na leƙo Gombe, lokacin rasuwar Baba. Wata safiya na taso daga aiki, ina jiran bas ruwan sama na dukana, sai raina ya ce ya isa haka. Dama na jima ina kallon bidiyon mutanen nan masu rabuwa da komai su goya jaka ɗaya su shiga yawon buɗe ido. Na ajiye aiki, na saki ɗakin haya, na rabar da tukwane da barguna, na tsara tafiyar shekara biyu ta ƙasa: daga Gombe zuwa Yola, in tsallaka Kamaru, in yi ta gangarawa har inda mota ta daina zuwa. Duk abin da na mallaka ya koma jakar goyo guda, kilo bakwai. (Sau uku na auna ta. Har hotonta na ɗauka a kan sikeli.)

Yayana Bitrus ne ya zo ɗaukata a filin jirgi. Ya buɗe but ɗin mota ya tsaya yana leƙen bayana.

"Auta, ina sauran kayan? Ko sai jirgin gobe?"

"Yaya, ka gan su nan duka."

Ya dubi jakar, ya dube ni. "Mama ta san da wannan?"

Tun daga nan har ƙofar gida na yi ta yi masa lacca kan yadda tarkace ke bautar da ɗan Adam. Shi dai ya ce "Allah ya kyauta", sau biyu.

Mama ta rungume ni ta yi kuka, ta dama mini kunun gyaɗa. Daga baya na gan ta ta ɗaga jakar da hannu ɗaya tana jijjigawa, kamar mai gwada nauyin kaza a kasuwa. Ta ajiye, ta tambaye ni ko zan ƙara kunu.

Ba wai na manta da tsaraba ba ne fa. A raina gani nake na wuce wurin. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, shekara tara Mama tana cin tsarabar mutane. Goggo Hauwa, maƙwabciyarmu Bafulatana, ta kawo mata dabino da zobe daga aikin Hajji. Maman Istifanus, shugabar zumuntar matan cocinmu, ba ta taɓa dawowa daga Kaltungo hannu rabbana ba. Duk wadda ta miƙo, Mama takan karɓa ta ce, "Bari dai Autata ta dawo." A zuwana na makoki ba wanda ya sa rai da komai. Wannan karon kuwa dawowa ce ta gaba ɗaya, unguwa kuma ta sani.

Akwai wata akuya mai farin goshi da Mama ke kiwo domin Kirsimeti, wadda ta hana ni barcin rana da kukanta. A kwana na uku na ji gidan shiru. Na tambayi Mama ina akuyar, ta ce, "Ita ma ta tafi buɗe ido." Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ashe tsohuwar nan ta iya barkwanci. Ran nan ta fita kasuwa tun hantsi ba ta dawo ba sai la'asar, ta shige ɗaki da ledoji ta turo ƙofa. Ni kuwa ina ƙarƙashin bishiyar mangwaro ina nazarin taswira.

Ranar Asabar aka shirya mini addu'ar sallama, tunda Litinin zan kama hanya. Matan zumunta suka zo da ankonsu da tulun kiɗa, maƙwabta suka shigo, Goggo Hauwa ta ja tabarmarta gefe ta zauna. Aka yi waƙa, aka ci waina. Ni duk hankalina na kan jawabin da na tanada, har da jakar a gefen kujerata domin nuni.

Sai Maman Istifanus ta miƙe, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Kafin mu yi addu'a, 'yarmu, mun ga saƙo. Mun ga sabulu, mun ga man shafawa. Turaren nan kuwa, kai, kayan Ingila ƙamshinsu daban ne. Allah ya ƙara buɗi."

Mata suka amsa da "Amin", har da mai guɗa.

Mai hankali zai sunkuyar da kai ya ce ba komai, ya bari sai an watse ya yi tambaya. Ni kuwa gani na yi an buɗe mini ƙofar jawabi. Na miƙe ina murmushi.

"Maman Istifanus, wane turare kuma? Anya ba da wata kika haɗa ni ba? Ni fa ko allura ban kawo wa kowa ba."

Mahaifiyata ta yi tari. Na ɗaga jakar sama da hannu ɗaya, na juya ta kowa ya gani, na shiga bayanin cewa riga uku gare ni, takalmi ɗaya, kuma tunda na daina sayen abin da ba dole ba na samu 'yanci. Mama ta taka mini ƙafa, ta faɗi wata magana da yarenmu na Tangale ta tsakanin haƙora. Tangalena ya yi tsatsa a Turai, sai na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa take yi.

Maman Istifanus, baiwar Allah, ta yi ƙoƙarin ceto ni. Ta ciro kwalbar daga jakarta tana ƙifta mini ido. "Duba dai da kyau, 'yata, ko gajiyar hanya ce ta sa kika manta."

Na karɓa. Na juya gindin kwalbar. (Ya kai mai karatu, da ma a nan bakina ya mutu.) Na karanta da ƙarfi, da irin Turancin nan na ta hanci, sannan na fassara musu saboda kirki: "Ai wannan a Legas ake yin sa. Wa ya ce muku na Ingila ne? An cuce ku."

Mai tulun kiɗa ta sauke hannunta. Na juya wajen Mama don ta taya ni mamaki, sai na ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. A bayanta, can jikin katanga, ga turken akuya da igiya a yashe. A daidai lokacin nan komai ya haɗu a kaina: akuyar, kasuwar, ledojin, ƙofar da aka turo. Na tsaya da kwalba a hannun dama, jaka a hannun hagu, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige.

Goggo Hauwa ce ta fara dariya, irin ta tsofaffi da ba ta da sauti sai girgizar kafaɗa.

"Zauna, 'yar nan, kafin ki ƙarasa mu. Ai duk mun sani. Mai shagon da uwarki ta yi sayayya ɗan ƙanwata ne. Shi ya taya ta ɓanɓare takardun farashi."

"To me ya sa kuka ce..."

"Uwarki ta ba mu, mun karɓa, mun yi godiya. Kowa ya yi nasa daidai. Ke kaɗai ce aka manta ba a gaya wa ba."

Sai gidan ya ɓarke da dariya, har da masu share hawaye. Maman Istifanus ta karɓe kwalbarta ta fesa a wuya, ta ce ita dai nata na Ingila ne, mai ja ya zo ya ja. Mama ma ta yi murmushi, amma na san murmushin uwata, wannan na baƙi ne. Da aka zo addu'a, an roƙa mini kariya daga haɗarin hanya da mugun mutum, wata tsohuwa daga baya ta ƙara da cewa, "Da kuma saurin baki." Amin ɗin da aka yi a nan ya fi kowanne ƙarfi.

Bayan an watse na same ta a bakin famfo tana wanke kulolin abinci. Na durƙusa na ce ta yafe mini, zan saya mata wata akuyar, biyu ma. Ta ci gaba da cuɗa soso.

"Akuya ba ta dame ni ba, Auta. Dariyarsu ma ba ta dame ni ba, mun yi wa juna wadda ta fi wannan. Tun ranar da kika sauka nake kallon jakar nan taki. Na ga kin auna komai, kin sa wa komai wurinsa. Sai na ce a raina, ashe cikin kilo bakwan nan ba a bar wa kowa wuri ba."

Na yi kuka sosai, na ja kula ɗaya na kama wankewa.

Ranar Litinin a tasha, motar Yola na lodi, Mama ta ciro wani abu a ninke daga ƙarƙashin mayafinta ta tura mini. Jakar gana-mas-go ce sabuwa, mai ja da fari, babu komai a ciki.

"Ba ta da nauyi, ba za ta ɓata miki lissafi ba," in ji ta. "Amma kada ki dawo mini da ita haka."

Yau wata takwas ke nan ina hanya. Duk iyakar ƙasar da na isa, matafiya 'yan jaka ɗaya sai su bi ni da kallo, ga jakar goyo ta zamani a baya, ga gana-mas-go a ka. Akwai barkonon Kamaru a ciki, da ganyen shayi, da kallabi kala-kala, kowanne na rubuta sunan mai shi. Na Goggo Hauwa na fara saya. Kuma kafin in biya kuɗin komai sai na juya gindinsa na karanta inda aka yi shi.

Abu biyu na koya. In babba ya yi maka godiyar abin da ba ka san da shi ba, ka ce "ba komai" ka ja bakinka ka zauna. In kuma ka ji kayanka sun yi sauƙi ƙwarai har kana ɗaukar su hoto, ka waiga baya tukuna. Nawa dai, ashe wata tsohuwa ce a Barunde ta ɗauke mini ragowar.