Rasuwar Gwaggo Mai Ƙofa Arba'in da Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, mai kula da na'urorin wannan kamfani na ajiyar kayan sanyi, wanda kuke kira Mai Waya in kuna da buƙata, kuke kira "wancan mutumin" in ba ku da ita, yake sanar da rasuwar Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na safe, a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene, ana tsakiyar loda wa motoci kaya. Shekararta goma sha huɗu a bakin aiki.

Ga waɗanda suka ci moriyarta ba su taɓa leƙa ta ba, kuma su ne mafi yawa: Gwaggo ita ce baƙar na'urar nan da duk wayar kwamfuta, da ta firinta, da ta kyamara, da ta ma'aunin sanyi take ƙarewa a ƙofofin jikinta, wato ramukan da ake soka wayoyi. Mai Waya ne ya ciro ta daga kwali da hannunsa, a makon da aka haifa masa 'yarsa ta fari. Yarinyar yanzu tana sakandare.

Marigayiya ta san adireshin kowa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya karanta mata. Sauraro take yi. Kwamfuta ta yi magana sau ɗaya, Gwaggo ta riƙe ƙofar da muryar ta fito, shi ke nan. In saƙo ya zo na wanda ba ta sani ba, ba ta jin kunyar tambaya, sai ta ƙwanƙwasa kowace ƙofa har mai shi ya amsa. Wasu sun kira wannan gulma. Su ne dai waɗanda saƙonsu bai taɓa ɓata ba.

Inda ta yi fice kuwa shi ne saƙon taro, wato saƙo ɗaya mai masu jira da yawa. Tana riƙe da jerin waɗanda suka ce suna so, su kaɗai take kai wa. Hoton kyamara na ɗakin mai gadi ne da ofishin Manaja. Ƙararrawar ɗakunan sanyi ta Uwar Sito ce, mai kula da kayan ajiya, kuma ba ta taɓa makara ba. Muryar Gwaggo ɗaya ce rani da damina, "hmmm", a hankali, kamar tsohuwa tana lallashin jika.

Ciwon ajalinta ya shigo ne da ƙafafunsa, sanye da kwat, wata uku da suka wuce. Da kamfani ya buɗe sabon sito a tsallaken titi, Manaja ya kawo ƙanin matarsa, wanda ya ce a riƙa kiransa Ƙwararre. Ya zo da fararen akwatuna biyu. Aikinsu su shimfiɗa hanya a kan hanya: su naɗe kowane saƙo a ambulan su tura tsallake, kuma kowanne ya riƙa shelanta wa ɗan'uwansa adireshin duk wanda ke ɓangarensa, don a daina ƙwanƙwasa ƙofofi. Mai Waya bai taɓa cewa dabarar ba ta da kyau ba. Tana da kyau. Hannun da ta faɗa ne matsalar.

Abu biyu Ƙwararre ya yi. Na farko, bai koya wa akwatunansa tambayar wa ke son saƙon taro ba, sai suka riƙa juye hoton kyamara goma sha shida a kan Gwaggo, ita kuma ta kwafa wa kowace ƙofa, mai so da marar so. Na biyu, ya bar tsohuwar wayar da ke haɗa gine-ginen biyu a jone. Sai adireshi ɗaya ya riƙa fitowa ta wuri biyu. Yanzu a ce wa Gwaggo firintar akawu tana saman bene, kafin ƙiftawar ido a ce mata tana tsallaken titi. Baiwar Allah, wadda ba a taɓa yi wa ƙarya ba, ta riƙa gaskata duka biyun, tana gogewa tana rubutawa dubun dubata a minti guda.

Mai Waya ya rubuta wa Manaja takarda sau biyu. A na uku ya hau bene da kansa, tafin hannunsa ja wur don zafin jikin Gwaggo da ya taɓa.

"Ranka ya daɗe, a bar ni in zare waya ɗaya tak. In ba haka ba Gwaggo za ta mutu."

Manaja bai ɗago ba. "Kai dai kishi ke damunka. Yaron nan da takardunsa. Kada ka taɓa masa komai."

Ƙwararre yana gefe yana latsa wayar hannu. Ya ce, "Baba, zamani ne ya wuce ku, kai da ita."

A makonta na ƙarshe "hmmm" ya koma "ƙirrr". Korayen fitilunta suka daina ƙiftawa, suka tsaya cak kamar idon mai suma. Mai Waya ya ɗauko fankar ɗakin matarsa ya kafa mata, abin da har yau ba a yafe masa ba a gida. Ranar Talata ta yi "ƙit" sau ɗaya, ɗakin ya cika da ƙaurin roba.

A wannan awar ce injin ɗakin sanyi na biyu ya tsaya. Ma'auni ya yi ta kiran Uwar Sito, babu mai kai saƙo. Sai da ruwan daskararrun kajin da suka narke ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa da la'asar aka sani. Uwar Sito ta zauna a kan kwali ta yi kuka, ita da ba ta yi laifin komai ba.

Takardar da ta fito daga ofishin Manaja ta ce tsufa ne ya kashe marigayiya, da sakacin mai kula da ita. Iyalan mamaciya sun karanta. Suna roƙon Allah Ya saka wa wanda ya rubuta da daidai abin da ya rubuta.

Ta rasu ta bar kwamfutoci talatin da ɗaya, marayu, ba mai jin muryar ɗan'uwansa. Firinta uku, ɗaya har yanzu ba ta san ginin da take ba. Kyamarori goma sha shida suna kallo ba mai kallonsu. Da fararen akwatuna biyu da ke ta shelanta wa juna adireshin mutanen da ba hanyar isa gare su. Ta kuma bar Mai Waya, wanda aka ba shi zuwa ƙarshen mako ya kwashe kayansa.

Za a fito da gawa ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, ta ƙofar baya, zuwa rumfar mai sayen tsofaffin ƙarafa. Uwar Sito da mai gadi za su kama. Ba a buƙatar jawabi daga bene. Wanda ya san da hannunsa a ciki kada ya zo, in kuma ya zo kada ya miƙo hannun.

Ba za a yi zaman makoki ba. Da an dawo, Mai Waya zai ajiye makullin ɗakin ƙarƙashin bene a teburin Manaja, domin Ƙwararre ya karɓi gado. Gadon wayoyi ne ɗari biyu da sha ɗaya, na Gwaggo da na sauran na'urorin ɗakin. Da kowacce tana da 'yar takarda a wuya mai faɗin inda ta nufa, amma a watan jiya magajin ya sa aka ɓare su duka, wai sun ɓata wa ɗakin kyau.

Dukkansu shuɗaye ne.