Yadda Za Ka Koya wa Ɗan Farinka Magana Ba Tare da An Kama Ka Ba

Bana kowa ya samu baki. Soja sun ce za su koma bariki, motocin 'yan siyasa na zaga gari da lasifika, har mai shayin Ƙofar Ƙwaya ya iya fashin baƙin tsarin mulki. Idan a gidanka akwai mutum guda da har yau bai ce uffan ba, kuma mutumin nan ɗan farinka ne, to gyara zama. Hanyar nan tabbatacciya ce. Yaro zai yi magana, kai kuma mutuncinka na nan, ba mai cewa ya gan ka kana wasa da ɗan fari kamar marar kunya. An gwada ta a gidan Mudassir, tela a Ƙofar Durbi.

Mataki na ɗaya: San irin ruwan da ka shiga

Ɗan fari ba a ɗaukarsa gaban manya, ba a yi masa dariya, ba a kiran sunansa. In ya gifta, ka dube shi kamar kazar maƙwabta. Haka Mudassir da matarsa Ramla suka yi, kuma an yabe su. Yaron sunan kakansa marigayi ya ci, shi ya sa ake ce masa Abba. Ya shekara biyu da rabi, abin da ya iya kawai shi ne nuni da yatsa da “mm”.

Sai mahaifiyar Mudassir, Hajiya Safara'u, ta zo daga Batagarawa. Ta ɗora jikan a cinya, ta yi masa wasan kaka har ta gaji.

“Wanga miji nawa bebe kuka maishe min shi? To ku ji. In layya ta zo bai yi magana ba, tahiya zan yi da shi. Can ɗiya sun cika gida, ko turmi aka aje cikinsu sai ya yi surutu.”

Ramla ta ce, “To, Hajiya,” don uwar ɗan fari ba ta da wata amsa. Ta shige madafi, ta daɗe tana cewa hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali ba ta hura wuta ba.

Mataki na biyu: Nemi shawara da sunan wani

Kai yaron asibiti, amma kada ka kuskura ka ce naka ne. Mudassir cewa ya yi ɗan yayansa ne. Malamar asibitin ta dubi kunnuwan yaro, ta dubi na Mudassir, ta ce lallai zumunci ya yi ƙarfi a gidansu.

“Jinsa lafiya lau. Ana yi masa magana?”

“Ana yi a gabansa.”

“Ana wasa da shi?”

Mudassir ya shiga nazarin fankar da ke sama.

“To ka gaya wa yayan naka ya zauna ƙasa daidai tsayin yaron. Duk abin da yaro ya taɓa, a faɗi sunansa. A yi masa waƙa, a yi masa kukan dabbobi. In an tambaye shi abu, a yi shiru a jira.”

Ka yi godiya, ka ce za ka isar da saƙo.

Mataki na uku: Yi hira da kaya, ba da yaro ba

Nan hikimar take. Babu dokar da ta hana magidanci magana da kayan gidansa. Ka tsuguna kusa da yaro, ka juya masa rabin baya, ka ɗaga buta ka ce, “Buta. Wannan buta ce. Ruwa a buta.” In wani ya shigo, abin da zai gani kawai shi ne mutum yana zance da buta. Gara a ce kanka ya ɗan taɓu da a ce ba ka da ta ido, domin na farkon ana yi masa addu'a.

Ado mai wanki, wanda katanga ɗaya ta raba su, ya leƙo wata safiya.

“Mudassir, lahiya kake hira da buta?”

“Dubawa nike ko tana yoyo.”

“Shi ne kake tambayarta? To mi ta ce?”

Kada ka amsa irin wannan. Ka ɗauki cokali ka ci gaba.

Mataki na huɗu: Yi shiru, in za ka iya

Yaron da ake ba komai da zarar ya ɗaga yatsa ba shi da dalilin wahalar da bakinsa. Abba ya saba mulki da yatsa, irin na sojan da ke haɗa kayansu yanzu. Saboda haka ka riƙe ƙosai kusa da bakinka, ka ce, “Mene ne wannan?” sannan ka kulle bakinka.

A nan Mudassir ya yi ta faɗuwa. Tela ne, ya saba cika shiru da alkawari. Zai ce, “Mene ne wannan? Ƙosai! Madalla!” ya yi tambaya, ya ba da amsa, ya yaba wa kansa, wani lokacin ma ya cinye ƙosan. Abba yana kallo, ya ce “mm”.

Ramla kuwa kunyar mijin ma take ji. Sai ta ɗauki tsintsiya ta yi ta share wuri ɗaya a gefen yaro tana waƙa ƙasa-ƙasa, har wurin ya yi rami. Rannan suka kama juna, shi da cokali, ita da tsintsiya. Daga nan suka raba aiki: ɗaya na wasa, ɗaya na gadin zaure.

Mataki na biyar: Sayi rago da wuri

Kukan dabbobi ba ya ɓoyuwa, sai ka tanadi wanda za a ɗora wa laifi. Layya ta matso, Mudassir ya ɗaure rago a tsakar gida, ya cire hula, ya durƙusa da hannu da gwiwa, ya ce, “Meee.”

Abba ya dube shi, ya dubi ragon, ya fashe da dariyar da ba a taɓa jin irinta a gidan ba. Ya zo ya haye bayan ubansa ya riƙe kunnuwa. Tun daga ranar, da Mudassir ya dawo daga shago yaron ke jan ƙafar wandonsa zuwa ƙasa.

Ado ya yi magana ta bayan katanga: “Raguna biyu ka saya bana? Ka kai ɗayan a duba shi, kamar mura gare shi.”

Mataki na shida: Idan gadi ya lalace

Ranar jajibiri, tuwo ya kama, Ramla ta bar zaure da gudu. Uwa kuwa ba ta jiran a amsa mata sallama a gidan ɗanta. Hajiya Safara'u ta shigo da jaka a hannu, da zanen goyo a kafaɗa, ta tarar da telan da manyan gari ke layi a shagonsa yana rarrafe, jikanta a bayansa, bakin telan a buɗe.

“Allura nike nema, Hajiya.”

“Da baki?”

Mudassir ya rasa ta cewa. Tun da aka fara wannan aiki bai taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba. Abba ya jira. Ya ja kunne, ba kuka. Ya ƙara ja, shiru. Sai ya daki ƙeyar ubansa da tafin hannu.

“Baba. Kuma!”

Ramla ta fito da muciya a hannu, kunya ta zube mata a ƙofar madafi. “Ya ce Baba! Hajiya, wallahi ya ce kuma!”

Hajiya ta ajiye jaka, ta kifa turmi ta zauna, ta gyara mayafi.

“Ni ban ji da kyau ba, kunnena ya tsuhwa. Mudassiru, an ce maka kuma.”

“Hajiya...”

“Mijina ya yi magana, kai kana musu?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Meee.” Abba ya ce, “Kuma!” Hajiya ta ce har yanzu dai ba ta tabbatar ba. Sai da Ado ya hau bokiti ya leƙo sannan ta gamsu. Ta ninke zanen goyon ta cusa a jaka.

“Na bar maku shi. Raguna gare mu a Batagarawa, amma duk cikinsu babu mai ɗaukar mutum.”

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. Babu ruwana da ciwon gwiwa, ko sabon sunan da za a laƙaba maka a unguwa, ko labarin da mahaifiyarka za ta riƙa bayarwa a gidajen biki har da kwaikwayo. Abu ɗaya zan ƙara kyauta: safiyar layya, lokacin da za a kayar da rago, ka tsaya da ƙafa biyu inda yaro zai gan ka sosai, da hularka a kai. Mudassir ya ɗan shiga ɗaki neman wuƙa, yaro ya ga an kayar da mai “meee”, aka ji kalmarsa ta uku har bakin titi: “A'a! Baba!”