Ranar da Na Bi Dokar Gaisuwa

Jama'a, ranar Litinin ɗin nan biyayya ta ja mini asarar tarakta, kuma ina so ku taya ni jin haushi.

Tun da ruwan madatsar Bakolori ya iso wajenmu, ni ma na zama manomin rani. Ina da ɗan fili kusa da Damri da nake son zuba wa alkama. Ga lokacin shuka yana neman wucewa, ga ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Sai na hau kekena da sassafe na nufi Talata Mafara, wani ofis da ake ba da hayar tarakta. Ba zan faɗi sunansa ba, ina da sauran buƙata a wurin.

Ina shiga na tarar da Malam Hashimu, akawun da muka daɗe muna mutunci. Na gyara murya na fara kamar yadda aka koya mana: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya jikin tsohuwa. Mutumin nan ya zaro ido, ya dubi ƙofa, ya ce, "Lahiya. Buƙata?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Hashimu, mi na yi maka?"

Ya ja ni waje, ƙarƙashin dogon yaro, sannan ya kama hannuna ya gaishe ni har da jajen jakina da ya mutu bara. Daga nan ya ba ni labari. An kawo musu sabon shugaba, Mai Girma Sarkin Gyaran Hali, wanda ya dawo daga kwas da ilimi cike da jaka. Shi ne ya gano abin da ya hana aiki tafiya. Ba rashin man gas ba ne, ba kuma taraktocin da ke kwance a bayan ofis babu taya ba. Gaisuwa ce. Ya tara ma'aikata tun hantsi har la'asar yana yi musu bayani kan illar ɓata lokaci. Daga ranar, gaisuwa a cikin ofis ta koma kalma ɗaya, wanda ya ƙara a tura shi ƙauye.

Kai, irin wannan hangen nesa sai manya! Mu da muke ta zargin tayoyi, ashe bakinmu ne matsalar.

To amma ma'aikatan nan 'ya'yan mutane ne, ba za su iya kallon dattijo su ce masa "buƙata" su yi shiru ba. "Ka gani, Balarabe," in ji Hashimu, "cikin ohis anka hana, ba a hana waje ba." Na duba, lallai duk ma'aikatan suna gindin bishiya, kowa riƙe da hannun baƙonsa. Ofis ba kowa sai fanka tana juyawa. A da ana gaisawa ana aiki, yanzu sai an bar kujera tukuna.

Muka koma ciki. Ya buɗe baki zai yi mini maganar tarakta ke nan, sai ga wani tsoho daga Kaya. Hashimu ya raka shi waje su gaisa. Ya dawo, sai ga wani. Haka na wuni a benci tare da Tukur, wani mai fataucin shanu daga Maradun, wanda shi ma tarakta ta kawo shi. Da ƙyar Hashimu ya samu ya raɗa mana cewa tarakta guda ɗaya ce mai lafiya, kuma sai wanda shugaba ya ce a ba.

Bayan azahar sai ga motar Mai Girma, ya fito aiki. Na ce a raina, Balarabe ga damarka. Bari ka nuna masa akwai wanda ya fahimci kwas a ƙasar nan. Na riga Tukur shiga, na tsaya ƙyam, na ce, "Sannu. Tarakta."

Ya sauke jarida a hankali. "Wane ne wannan? A gidanku ba a gaida manya?"

"Ranka shi daɗe, dokarka na bi."

"Dokar ta ƙananan ma'aikata ce. Kai ma'aikaci ne?"

Nan take masinja ya nuna mini ƙofa. Tukur kuwa ya cire takalma, ya shiga ya tsuguna. Ta taga ina jinsa: ina wuni, ina gajiya, yaya hanya, yaya uwargida, yaya mota, yaya haƙuri da jama'a. Mai Girma yana ta amsawa da murya mai daɗi, har da dariya. Washegari tarakta ta nufi Maradun.

Da na koma gida na ba maƙwabcina Ɗanlami labari, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. "Kai da ko akuya ka gamu da ita sai ka tambaye ta gajiya, yau ka ga babban mutum ka ce mashi sannu? Mi ya same ka?"

Na ce, "Ci gaban zamani ne ya same ni."

Yanzu haka ina fili da fartanya, bayana yana ƙara, kuma ko na kashe kaina rabi kawai zan iya shukawa bana. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma don Allah wanda ya ga Mai Girma ya kwantar masa da hankali, kwas ɗinsa bai tafi a banza ba. An sami mutum ɗaya da ya gyara hali a duk ƙasar Mafara, ga shi nan yana kaftu da hannu.