Ranar da na shafa wa Inna makilin

Ƙwayoyin ciwon dajin huhu da Inna ke sha sun feso mata ƙuraje a fuska, likita ya ba ta man shafawa. Na iso Argungu ina hura hanci, na ture ƙanwata Hadiza: "Matsa, ni na ji bayanin likita." Ko dubawa ban yi ba, na matso abin da ke kan taga na lafta wa Inna har kunne.

"Wanga magani yaji garai," in ji Inna, "ga ƙamshin na'ana'a!"

Ashe makilin ne. Hadiza ta wanke mata fuska tana dariya har da hawaye, Allah ya tsare fatar. Har yau in na yi sallama, sai Inna ta rufe fuska: "Ku ɓoye makilin, ga shi nan ya iso!"