Sallar da Na Toshe Rariya

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar farko da na yi a gidan miji ba, kuma ko na so mantawa dangin mijina ba za su bari ba. A Mabai ne, lokacin Turawa ba su riga sun tafi ba. Ina amarya 'yar watanni, an kawo ni daga Kankara da kwanukana masu fure da wani girman kai da ban san ina da shi ba sai daga baya. (A ganina a lokacin, duk wadda ta tashi kusa da kasuwar Kankara ta gama ganin duniya.)

Gida ne babba na ƙasa, rumbuna a jere, ga bishiyar ɗinya a bayan ɗakin Inna, uwar mijina. Baba, wato surukina, shi ne babba a zuriyarsu, saboda haka duk Sallar Layya gidan cika yake da dangi daga Yankara da Faskari, har da masu tasowa daga Sabuwa a kan jakuna. Shekarun nan kuwa Sallar a tsakiyar damina take faɗowa, gero ya kai ƙugu, ko'ina kore shar.

Ga waɗanda suka tashi da famfo a ɗaki, bari in faɗi abin da ake ce wa rariya. Wata 'yar kafa ce da ake bari a gindin katanga. Duk ruwan wanke-wanke da na wanka da na alwala, da ruwan sama idan ya sauka a tsakar gida, ta nan yake fita ya bi kwata. Tamu rariyar kuwa dab da ƙofar zaure take ɓullowa, inda Baba ke shimfiɗa tabarma ya karɓi gaisuwa.

Ni ban taɓa damuwa da ita ba sai da Gwaggo ta zo ganin ɗakina. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, mace mai tsabta da kaifin harshe. Da za ta tafi, ta gyara lulluɓinta ta ce, "Gida dai ya yi, mutanen kirki ne. Sai dai kwata ke fara gaida baƙo kafin masu gida."

Maganar nan ta zauna mini a rai kamar ƙaya. Da aka aiko mini cewa Gwaggo za ta sake zuwa washegarin Sallah, sai na fara tunanin yadda zan yi da kwatar nan.

Ranar jajibere Inna ta kira ni. Tana zaune tana ɓare tafarnuwa, ƙafarta ɗaya a miƙe saboda sanyin gwiwa da ke damunta.

"Amarya, bana ke za ki duba mana rariya," ta ce. "Kowace shekara ni ke yi, amma gwiwar ga ta hana ni durƙuso. Ki zura sanda ki sosa ta da kyau, ki bi ta da ruwan zafi da toka. Gobe ruwan tumbi da kitse kada a zuba su nan, an gina rami bayan rumbu. Kin ji ko?"

"Na ji, Inna."

Na ji ɗin kuwa. Sai dai ina da tawa dabarar. Na ce a raina, me ya sa za a buɗe wa ƙazanta hanya ta fita gaban baƙi? In na toshe kafar na kwana biyu kawai, ƙofar gida za ta bushe tas, ɗan ruwan da ya taru a ciki in riƙa kwashewa da ƙwarya ina watsa wa kubewa a bayan gida. Gwaggo ta zo ta tafi, in buɗe abata, babu wanda ya sani. Na ɗauko wani tsohon zanena mai ruwan bula da ya kekkece, na cusa shi ciki da ƙarfi, na bi da duwatsu, na kwaɓa laka na shafe bakin. Har shafa shi na yi da tafin hannu ya yi sumul. (Ban taɓa yin wani aiki da kyau irin wannan ba, kafin nan da bayan nan.)

Ranar Sallah ta zo da daɗinta. Har yau idan na rufe ido ina jin ƙamshin gidan nan: hayaƙin itacen kirya, hanta a kan garwashi, turaren da matan Faskari suka zo da shi. Maza suka dawo daga Idi aka yanka raguna, aka shigo mana da kayan ciki fanteka-fanteka. Mata suka zauna a da'ira ana wankin hanji ana hira, wannan ta ba da labarin haihuwa, waccan ta tsokani mai ciki. Ni kuwa ina ta kai da kawo da ƙwaryata.

Abin da ban lissafa ba shi ne, gidan da ya saba da mutanensa daban yake da gidan da ya cika da baƙi. Kowa zai yi alwala, kowa zai wanke hannu, kowace uwa za ta wanke ɗanta. Maganar rami bayan rumbu kuwa, Inna ni ta faɗa wa, ni kuma ban faɗa wa kowa ba, don hankalina yana wani wuri. Baƙi suka riƙa sheƙa ruwan tumbi da ɗaurayen kitse a bakin rariya kamar yadda kowace mace ke yi a gidanta. Kafin la'asar wurin ya zama wani ɗan tafki mai kore, kitse ya daskare a samansa fari-fari.

Wata tsohuwa daga Yankara ta tsaya ta duba ta ce, "Ruwan ga ba ya tafiya ne?"

Na ce, "Yana tafiya, Iya, a hankali yake."

Na jawo wani tsohon faifai da turmi na kare wurin, na ci gaba da kwasa. Kubewar bayan gida ta sha ruwan da ba ta taɓa sha ba. Bayana ya ƙage, amma da na tambayi mijina yadda ƙofar gida take, ya ce mini a bushe take, har Baba ya yi mamaki, sai na ji gajiyar ta tafi.

Washegari da hantsi Gwaggo ta iso. Na tarbe ta ina ta murmushi, ina jira ta yi maganar ƙofar gida. Ba ta yi ba. Ta gaisa da Inna, aka kawo mata fura da soyayyen nama, suka shiga hirar mutanen da.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Mata suka hau kwashe shanya da kaskon suya, aka shigar da nama ɗakin Inna. Ni kaɗai na tsaya ina kallon sama. Da a lokacin na ruga na buɗe rariyar, da komai ya zo da sauƙi. Amma idon mutane yana tsakar gida, kuma na ce wa kaina watakila iska ta kore shi.

Iska ba ta kore shi ba. Aka sako ruwa kamar ana juye randuna. Duk abin da ya sauko daga jinkar ɗakuna ya taru a tsakar gida ya rasa mafita. Tafkina na jiya ya tashi ya haɗu da shi, ya bazu ko'ina da kitsensa da ɗoyinsa. Muna leƙe daga ƙofar ɗaki muna gani takalman baƙi suka fara yawo, ludayi ya bi su, kaji suka haye kan rumbu. Sannan ruwan ya haura dokin ƙofar Inna, ya fara malala a kan sabon daɓen da aka yi mata don Sallah, ya nufi inda aka jera kwanukan nama da ƙunshin kayan baƙi.

Mata suka hau ɗaga kaya sama. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni kawai.

"Amarya, ba ke na ce ki duba rariya ba?"

"Na duba, Inna."

(Wannan dai ba ƙarya na yi ba.)

"To mi ya hana ruwa fita? In ya daɗe a gindin bangon ga, ɗakin zai zauna."

Jin haka na fita a guje cikin ruwan. Ban tsaya neman sanda ba, na fizgi taɓaryar Inna da ke jingine. Na durƙusa cikin ruwan nan har cinya, na lalubo bakin kafar, na fara zungura. Lakar ta ɓare, amma zanen ya sha ruwa ya kumbura, kitse ya kama shi gam. Na buga, na sake bugawa.

Abin da ban sani ba, ruwan sama ya ɗan tsagaita a lokacin, kuma Baba, da ke fake a zaure da manyan baƙi, ya lura rariya ba ta zubar da ko ɗigo. Sai ya fito da kansa, cikin farar babbar rigarsa ta Sallah, ya tsuguna daidai bakin kafar ta waje ya kanga ido yana leƙawa. Baƙin suka tsaya a bayansa suna ba da shawara.

Ni kuma a ciki na tattara duk ƙarfina na yi bismilla na dankara taɓarya.

Na ji abin ya tafi gaba ɗaya. Ruwan ya ja da ƙarfi har ya kwashe mini ƙafa, na zauna daɓas. Daga bayan katanga na ji salati ya tashi na maza da yawa a lokaci guda.

Ina nan zaune cikin ruwa rungume da taɓarya, sai ga sallamar Baba. Mutumin da tun da aka kawo ni ban taɓa yarda mun haɗa ido ba, wanda ko muryarsa na ji daga nesa sai in shige ɗaki. Ya shigo a hankali, rigar nan ta koma kore tun daga wuya har ƙasa, kitse a gemunsa, hularsa a hannu. A ɗaya hannun yana riƙe da sandarsa, a bakinta zanena yana ɗiga.

"Wa ke da wannan?" ya tambaya.

Na sunkuyar da kai ina roƙon Allah ya sa rariyar ta faɗaɗa ta tafi da ni. Sai na ji muryar Gwaggo daga ƙofar ɗaki, ita da ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

"Ai wannan zanen ni na saya mata."

Baba ya dubi zanen, ya dube ni, ya dubi taɓarya. Na ga kafaɗunsa suna motsi, na ɗauka fushi ne, ashe dariya yake dannewa.

"To, ɗiyata," ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Na sha wanka a rayuwata, amma ban taɓa yin na Sallah sau biyu ba sai bana."

Daga nan gidan ya ɓarke da dariya, har matan da ke tsaye kan gado riƙe da kwanukan nama. Ni kuwa na tashi na shige ɗakina, na kifa kai a kan tabarma na yi kuka mai isata.

Inna ce ta biyo ni, tana ɗingishi. Ta zauna a bakin gado, ba ta yi faɗa ba, ta tambaye ni dalili. Na faɗa mata komai, har da maganar Gwaggo. Sannan ta ce, "Da kin faɗa mini, ai da an ja kwatar an kai ta can gefe. Ni ma ta daɗe tana damuna. Tashi mu je, rigar Malam ba za ta wanke kanta ba."

Tare muka wanke ta da sabulun salo, muka yi ta cuɗawa har hannuna ya yi ja. Ba ta koma fara kamar da ba, amma Baba ya ci gaba da sa ta zuwa Juma'a. Gindin bangon Inna ya zaizaye, sai da aka yi masa sabon yaɓe bayan damina. Taɓaryar kuwa ba a sake daka da ita ba. A makon nan mijina da ƙannensa suka gina doguwar kwata suka karkatar da ruwan zuwa wajen juji. Da na yi wa Gwaggo ƙorafi cewa maganarta ce ta jawo, sai ta buɗe baki ta ce, "Ni na ce haka? Yaushe?"

Na yi Salloli da yawa a gidan nan, kuma duk jajibere aikin rariya nawa ne. Inna za ta ce, "Amarya, a duba mana," sai ta ɗan dakata, ta ƙara da cewa, "buɗewa nake nufi." Haka take faɗa har na aurar da 'yata ta fari. Yanzu babu Inna, babu Baba, babu Gwaggo, gidan ma an rushe an yi na bulo. Da zan samu a mayar da ni tsakar gidan nan, ko cikin ruwan tumbin ne, da na koma.

A gidan ɗana nake yanzu, inda ruwa ke bin bututu a ƙarƙashin siminti. Duk Sallar Layya nakan ja kujera in zauna kusa da wurin wanke-wanke, in hana a zuba kitse, in sa a kai dattin tumbi rami, in tambayi kowace baƙuwa inda za ta da ruwan hannunta. Matan gidan suna cewa tsohuwa ta cika sa ido, ni kuwa ba na musu. Na dai koyi cewa ƙazantar da ka hana fita ba ɓacewa take yi ba, jira take baƙi su cika. Kuma kafin ka zungura kowace kafa, ka aika a duba waye tsugune a ɗaya gefen.