Ciwon da Na Ɗora wa Malam Sale

Da ana janye magana, da na janye wadda na yi a wani asibiti a Birnin Kudu. Bayan rasuwar matata, barci ya ƙaurace mini. Amma wai ni namiji, sai na ce wa likita, "Abokina ne ke fama."

"Ina yake, Baba?"

Na nuna Malam Sale, wanda ya kawo ni a babur.

"Ni? Har minshari nake yi!" in ji Sale.

Na koma gida da ciwona, sai da na dawo na faɗi gaskiya. Ku faɗi naku da bakinku, don Allah. Har yau in na yi tari a majalisa, sai a ce, "Sale, sannu da jiki."