Jakin da Ya Mutu a Shafi na Sha Huɗu

Wanda bai san Mushe Alkasim ba, bai san Tasawa ba. Mushe ɗin nan laƙabin ƴan boko ne da Faransanci, kamar a ce malam. Baiwa biyu Allah Ya yi wa garin: babbar hanya mai kwalta, da wannan bawan Allah. Ita hanyar ma ramuka sun fara cin ta. Shi kuwa ko gezau.

Shi ne mai kula da haƙƙin marubuta a cibiyar karatu daga nesa da wata jami'a ta buɗe a garin. Malamai su ɗora darasi a intanet, ɗalibai su sauke a wayoyinsu daga ƙauye, in rezo, wato sabis ɗin waya, ya ga dama. Aikin Mushe kawai ya tabbatar ba a ɗora littafin wani ba sai da izinin mai shi. Aikin rabin yini ne a mako. Shi ya mai da shi sarauta. Hatimi uku gare shi a biro, wato ofishinsa, da kwat baƙa wadda ko zafin bazara bai isa ya tuɓe masa ita ba. Ɗalibai suna ce masa Mushe Antardi, don kalmar hanin nan ta Faransanci takan riga sallama fita daga bakinsa.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, ya ji yadda suke karanta sanarwa a rediyo, abin ya burge shi. Shi ma ya fara tasa. Sanarwa ta ɗaya, an hana fotokofi. Ta biyu, an hana ɗalibi tura wa ɗan'uwansa darasi ta waya. Ta bakwai ita ce uwa: duk shafin da babu sa hannun mai shi za a sauke shi nan take, ko na wane ne. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin "ko na wane ne".

Ya sauke taswirar ƙasa, don mai zanen bai amsa wasiƙa ba. Ya sauke jadawalin lissafi, don an rasa magadan wanda ya fara cewa biyu sau biyu huɗu.

Littafi guda ya tsira, nasa: "Yadda Na Yi Galaba a Kan Fari". Shafi arba'in, da Hausa, don talaka ma ya ɗanɗani ƙwaƙwalwarsa. Hotonsa ya cinye bangon. Tafin hannunsa kuwa ya fi na jariri laushi, amma wannan hassadar mutane ce.

"Kowane harafi a nan gumina ne," yakan ce, yana buga littafin a ƙirji. "Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa. Kuma ni ba a taɓa ni."

Shekara biyu yana farautar ɓarawon rubutu bai samu ba, har ya fara rama. Sai Allah Ya kawo masa Zara'u.

Zara'u malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Urafane, tana shekarar ƙarshe a fannin noma. Shekara uku tana hawa tudun bayan gari da waya a sama don ta kama rezo. Bana ruwa ya ɗauke kwana arba'in ana tsakiyar damina, gero ya ƙone a gonaki da yawa, na mahaifinta ya tsaya. A kan haka ta yi rubutunta na kammalawa, ta bar kalaman tsohon yadda ya faɗe su. Na'urar da ke gwada rubutu da rubutu ta shafa wa shafi uku ja: sun yi daidai da littafin Mushe.

Ranar har rawa Mushe ya taka a biro. Sanarwa ta sha tara ta fito da hatimi uku: a kori Zara'u. Shekara uku su tafi a banza, kuma ta koma gaban iyayen ɗalibanta da sunan ɓarauniya.

Ranar Alhamis jami'a ta aiko malamai uku su saurari ƙarar, Dakta Rashida ce shugabarsu. Zara'u ta zo da mahaifinta, Ɗan Baba, tsoho mai faso a dunduniya. Aka ba shi kujera, ya zauna a ƙasa.

Mushe ya gyara kwat, ya buɗe shafi na sha huɗu, ya karanta da muryar rediyo: "A shekarar babban fari jakina Gajere ya mutu a bakin rijiyar Maiwada. Sai na koma ɗaukar taki da kai, ina gina ƴan ramuka, ina zuba shi dunƙule-dunƙule." Ya ɗaga kai. "Kun ji salo? Wannan shi ta sata!"

Ɗan Baba ya girgiza kai cike da tausayi.

"Wayyo Gajere. Jaki mai haƙuri." Ya dubi Mushe. "Ɗana, kai ma naka Gajere sunanshi? Kuma nan rijiyar Maiwada ya mutu? Ni dai jaki guda na gani wurin, kuma ni na ja shi da igiya."

"Baba, nan ba kasuwa ba ce," in ji Mushe.

Tsoho ya ƙura masa ido. "Af! Ba kai ne ɗan projen taimakon manoma mai rakoda ba? Wanda ya zo tambayoyi shekarun baya, rana ta kada shi, muka ba shi hura? Zara'u, wanga shi ne! Yini guda ina magana shina riƙe da abin nan. Ka yi jiki, masha Allah."

Mushe ya ce kalmomi da yawa da Faransanci, babu wadda ta tsaya kusa da ƴar'uwarta.

Dakta Rashida ta juya takardunta a hankali. "Mushe, ina takardar izinin mai jakin?"

Babu. Sai ta karanta masa sanarwa ta bakwai, har da wurin da ya ja layi biyu. Da yake shi kaɗai ya san lambar sirrin shiga, da yatsansa ya sauke littafin, ana kallo.

Zara'u ta ci jarabawarta. Aka tambayi Ɗan Baba ko ya yarda a mai da littafin. Ya ce a mai da shi, kowa ya karanta, shi ma wajen ubansa ya koya. Ya dangwala yatsa da tawadar Mushe.

Yanzu littafin yana nan a intanet, da sunan Ɗan Baba a bango. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta: "Mai riƙe rakoda: Alkasim."

Mushe ya riga ya rubuta ƙara. Ya ce an sa sunansa ba da izininsa ba.